Louis Pasteur: Ɗan majemin da ɓarin jikinsa ya mutu, aikinsa bai mutu ba

Duk wanda ya zauna a Nima ko Maamobi, ko wani daga cikin zangunan birnin Accra, wanda iyayenmu ke kira Ankara, ya san irin labarin da za mu fara da shi. Mutum ne da ƙarfinsa, jiya-jiya an gan shi yana sauke buhunan albasa ko yana ƙirga huhunan goro, yau da asuba sai a ji an ce ya faɗi a wurin alwala, baki ya karkace, hannu da ƙafa na gefe guda sun saki. Kafin hantsi gida ya cika, wannan ya ce iska ce ta buge shi, wancan ya ce jifa ne daga abokan hamayyar kasuwa. Sai an kwana biyu ko uku kana a tuna da asibiti. In da sauran shan ruwa a gaba, sai a mayar da shi ƙuryar ɗaki a saki labule, a raba kayan rumfarsa, a riƙa maganarsa kamar wanda ya riga ya tafi.

A gidan rediyon da muke aiki sau da yawa akan kawo mana sanarwar neman addu'a ko ta rasuwa, in muka bincika sai mu tarar wannan ciwo ne na shanyewar ɓarin jiki. Shi ya sa a filinmu na tarihi na wannan mako muka ɗauko rayuwar wani Bafaranshe da ciwon ya kayar yana ɗan shekara 45, amma ya rayu kusan shekara 27 bayan haka, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ya yi manyan ayyukan da duniya ta san shi da su. Allurar da ake yi wa wanda mahaukacin kare ya ciza, da rigakafin da ake yi wa dabbobi, da dafa madara a kashe mata ƙwayoyin cuta kafin a zuba ta a kwali, duk da hannunsa a ciki.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Louis Pasteur ranar 27 ga Disamba, 1822 a garin Dole da ke gabashin Faransa. Kada sunan ya ruɗi mai karatu, ba faston coci ba ne, sunan gidansu ne kurum. Mahaifinsa, Jean-Joseph, tsohon soja ne a rundunar Napoleon, wanda bayan an gama yaƙi ya koma sana'ar gidansu ta jima. A shekarar 1827 iyalin suka tare a garin Arbois, inda uban ya kafa majemarsa a bakin wani ɗan kogi. A cikin warin fata da ƙirgi yaron ya tashi.

A makaranta ba ya cikin 'yan sahun gaba. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne zane, domin ya zana hotunan iyayensa da na maƙwabta, kuma har yau suna nan a ajiye. Ko a jarrabawar da ya yi a 1842, sakamakonsa a darasin haɗa sinadarai matsakaici ne. Sai dai yana da naci. A 1843 ya sami shiga babbar makarantar horar da malamai ta birnin Faris, ya kammala digirin dakta a 1847. Shekara guda bayan haka ya gano cewa ƙwayoyin wani gishirin sinadari iri biyu ne, masu kama da juna kamar tafin hannun dama da na hagu, ya kuma zauna da matsefata da madubin ƙara girma ya ware su ɗaya bayan ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin ya nuna cewa jarin mutumin nan idonsa ne da yatsunsa.

A 1849 ya auri Marie Laurent, 'yar shugaban jami'ar Strasbourg inda yake koyarwa. A 1854 aka mai da shi birnin Lille, inda masu masana'antu suka kawo masa kukan yadda kayansu ke lalacewa a cikin tukwane. Nan ya fara nuna cewa tsamin nono da rubewar abinci da lalacewar giya aikin wasu ƙananan halittu ne masu rai waɗanda ido ba ya gani, kuma ba daga banza suke tsirowa ba, daga iska da ƙura da hannun mutane suke shiga. Daga nan ya fito da dabarar ɗumama abin sha zuwa wani zafi da zai kashe su ba tare da ya ɓata ɗanɗano ba, ya yi mata rajista a 1865. Daga baya ne wasu suka yi amfani da dabarar ga madara.

A wannan shekara ta 1865 gwamnati ta tura shi kudancin ƙasar, garin Alès, domin wata annoba na kashe tsutsar da ke saƙa zaren siliki, ta durƙusar da manoma da masaƙa da fatake baki ɗaya. Ana cikin wannan aiki rashe-rashe suka yi masa rubdugu. Dama 'yarsa ta fari, Jeanne, ta rasu da zazzaɓin taifod a 1859. A 1865 mahaifinsa ya rasu, sannan ƙaramar 'yarsa Camille mai shekara 2 ta bi shi. A 1866 taifod ya sake ɗauke masa Cécile mai shekara 12. Cikin 'ya'ya biyar, biyu kaɗai suka girma. Bai sassauta wa kansa ba, sai ma ya ƙara dulmiya cikin aiki dare da rana.

Ranar da ya faɗi

Ranar Litinin 19 ga Oktoba, 1868, Pasteur ya ji wani irin tsikari a duk gefen jikinsa na hagu, bayan cin abincin rana kuma sanyi ya kama shi har ya ɗan kwanta. Duk da haka ya tashi ya tafi taron majalisar masana kimiyya, domin ya yi alkawarin gabatar da takardar wani masani ɗan Italiya a kan tsutsar siliki. Ya karanta takardar lafiya lau, ya komo gida da ƙafarsa, ya ci abinci kaɗan ya kwanta da misalin ƙarfe 9 na dare. Kwanciyarsa ke da wuya abin ya dawo, ya nemi yin magana harshe ya ƙi. Cikin daren da washegari ciwon ya riƙa zuwa yana lafawa, har daga ƙarshe hannunsa da ƙafarsa na hagu suka mutu.

Manyan likitocin Faris sun taru a kansa, suka ce jini ne ya zuba a ƙwaƙwalwa, ko da yake ba su da na'urar leƙa cikin kai. Babban abin da suka iya yi shi ne suka liƙa masa matsattsaku 16 a bayan kunnuwa domin su zuƙe jini, wato dai ɗan'uwan ƙahon da wanzamanmu ke yi. Ko abin awon hawan jinin nan da ake ɗaura wa mutum a dantse babu shi a lokacin, sai a 1896, shekara guda bayan rasuwarsa, wani likita ɗan Italiya mai suna Riva-Rocci ya fito da shi. Mutane sun fid da rai, har ma'aikatan da ke gina masa sabon ɗakin bincike suka dakatar da aiki, sai da Sarki Napoleon na Uku ya ba da umurni kana aka ci gaba.

Abin da ke faruwa a cikin kai

A nan ya kamata mu ɗan tsaya, mu ga abin da likitocinsa ba su gani ba, wanda masana suka gano a cikin shekaru fiye da 100 da suka biyo baya. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na da ƙwayoyin aiki kimanin biliyan 86. Nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da muke shaƙa. Ba ta da rumbu, hannu baka hannu ƙwarya take yi, abin da jini ya kawo mata yanzu shi take ci yanzu. Ɓarin dama na ƙwaƙwalwa shi ke juya gefen hagu na jiki, ɓarin hagu kuma ya juya gefen dama, kuma ga mafi yawan mutane a ɓarin hagu ne cibiyar magana take. Ke nan a ɓarin dama Pasteur ya sami rauni, shi ya sa maganarsa ta dawo, tunaninsa kuma bai taɓu ba.

Shanyewar jiki iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai wa wani yanki na ƙwaƙwalwa abinci, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala. To amma yunwa kaɗai ba ita ke yin dukkan ɓarnar ba. Akwai wani abin mamaki da ke biyo baya.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ba a manne suke da juna ba, tsakanin kowace da maƙwabciyarta akwai ɗan rata, kamar filin nan da ke tsakanin shingen Aflao da na Lome. In wannan ƙwaya tana son aika wa waccan saƙo, sai ta saki wani sinadari ya tsallaka, ya je ya ƙwanƙwasa wasu 'yan ƙofofi da ke jikin ɗayar, waɗanda za mu kira makarɓai, tunda aikinsu karɓar saƙo ne. Wani masani ɗan Ingila, John Langley, shi ya fara kawo batun irin waɗannan makarɓai a 1905, shekara 10 bayan rasuwar Pasteur. Babban ɗan aiken da ke tayar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sunansa gulutamet, kuma yana da manyan ƙofofi biyu. Ta farko, da ake kira AMPA, ƙaramar ƙofa ce ta masu tafiya a ƙasa, nan da nan take buɗewa ta rufe. Ta biyu, NMDA, ita ce babbar ƙofar manyan motoci, kuma a gicciye take da sanda, wato wani sinadari mai suna maganiziyam. Ba a ɗaga sandar sai saƙo ya zo da ƙarfi a kai a kai, sannan a bar wani kaya mai suna kalsiyam ya shiga daidai gwargwado.

Da zarar jini ya yanke, cikin 'yan mintoci ƙarfin ƙwayoyin sai ya ƙare. Su saki gulutamet barkatai, masu share shi daga filin su ma ba su da ƙarfin yin aikinsu, sanduna su ɗagu, ƙofofi su tsaya a wangale, kalsiyam ya yi ta kwarara ciki ba mai tsayar da shi. Yawan nasa sai ya tayar da wasu sinadaran da ke cin ƙwayar daga ciki, ta kumbura ta mutu, in ta mutu kuma ta zubar da nata gulutamet a kan maƙwabta. Wanda ya ga gobarar kasuwar Kantamanto ta watan Janairun 2025 ya san yadda wuta ke tsallakawa daga rumfa zuwa rumfa. Haka abin yake. A tsakiya akwai rumfunan da suka riga suka ƙone, ba sauran dabara a kansu. A kewaye kuma akwai waɗanda hayaƙi ya turnuƙe suka daina ciniki, amma ba su kama ba tukuna, kuma za su tsira in 'yan kwana-kwana sun iso da wuri. A 2006 wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya ƙiyasta cewa in babbar jijiya ta toshe ba a buɗe ta ba, mutum na asarar ƙwayoyi kusan miliyan 1.9 a kowane minti guda.

Wani masani Ba'amurke, John Olney, shi ya bayyana a 1969 cewa yawan gulutamet na iya zaburar da ƙwayar ƙwaƙwalwa har ta mutu. A 1984 aka nuna a jikin ɓeraye cewa toshe ƙofar NMDA na rage ɓarna in jini ya yanke. Murna ta kama masana, kamfanoni suka zuba kuɗi, aka haɗa magungunan toshe ƙofar. Amma da aka gwada su a jikin mutane a shekarun 1990, sai aka tashi a tutar babu: ba su taimaka ba, wasu ma sun jawo ruɗewa da gane-gane. Dalili na farko, kafin majinyaci ya iso asibiti wutar ta riga ta yi nisa. Dalili na biyu shi ne mafi muhimmanci, wato ashe ƙofar nan ba ta mutuwa kaɗai ba ce, ita ce kuma ƙofar rayuwa da koyo. A 2002 aka nuna cewa makarɓan NMDA da ke daidai mahaɗar ƙwayoyi biyu saƙon rayuwa suke shigarwa, waɗanda ke wajen mahaɗar su ne suka fi shigar da na mutuwa. Wanda ya rufe iyaka baki ɗaya saboda 'yan fasa-ƙwauri, ya hana gari abinci. An ci gaba da neman maganin da zai tare ɓarnar ya bar ƙofar tana aiki, har a 2020 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da likitocin Kanada suka jagoranta a kan majinyata 1,105, amma shi ma bai nuna amfani ga jimillarsu ba. Abin da ya tabbata yana aiki shi ne buɗe jijiyar da wuri.

Wani zai ce ai ya ji cewa akwai gulutamet a cikin dunƙulen magin da muke sa wa a miya. Gaskiya ne, amma wanda muke ci kusan duk a hanji yake ƙarewa, ƙwaƙwalwa kuma tana da katangar da ke tare shi, nata ita ke haɗa abinta. Haɗarin dunƙule a wajen gishirin da ke cikinsa yake, domin gishiri ke haddasa hawan jini.

Tashinsa daga jinya

Mu koma ga majinyacinmu. Mako guda da faɗuwarsa, yana kwance ba ya iya juyawa, ya kira wani almajirinsa mai suna Gernez ya yi masa shifta a kan aikin tsutsar siliki, aka kai takardar majalisar masana ranar 26 ga Oktoba. Matarsa ta zame masa hannu, tana karanta masa tana rubuta abin da ya faɗa. Abokai da almajirai suka riƙa karɓa-karɓa wajen zama da shi. A tsakiyar Disamba ya fara tashi daga gado zuwa kujera da taimako, kafin watan ya ƙare ya yi 'yan taku ba tare da an riƙe shi ba. Ranar 18 ga Janairu, 1869, wata uku cif da faɗuwarsa, ya sa aka ɗauke shi a kwance cikin jirgin ƙasa zuwa kudu, ya koma wajen tsutsotsinsa. A can ma ya zame ya faɗi a kan daɓe, ya sake kwanciya na ɗan lokaci, ya kuma tashi. A 1870 ya fitar da littafinsa a kan cutar, inda ya koya wa manoma yadda za su duba uwar tsutsa da madubi su zubar da ƙwan mai cuta, dabarar da ta taimaka wajen farfaɗo da sana'ar.

Yau an san abin da ke gudana a kan mai irin wannan murmurewa. Da farko kumburi ke sacewa, ƙwayoyin da suka suma ba su mutu ba su farfaɗo. Bayan haka sai babban aikin ya fara. Ƙwayar da ta mutu ba ta dawowa, amma waɗanda suka rage suna iya miƙa sababbin rassa su buɗe wata hanya, kamar yadda direbobi ke fasa sabuwar hanya ta cikin daji in gada ta karye. A nan ne ƙofar NMDA, wadda ta shigo da ajali a sa'o'in farko, take komawa abokiyar arziki. Duk lokacin da majinyaci ya yunƙura ya ɗaga hannu ko ya furta kalma, ya sake, ya kuma sakewa, sandar na ɗagawa kaɗan, kalsiyam ɗan daidai ya shiga, ƙwayar ta ƙara jera ƙofofin AMPA a wannan mahaɗa, hanyar ta ƙara faɗi. Hanyar da ba a bi kuwa ciyawa ke cinye ta. A 1996 wani masani a Amurka, Randolph Nudo, ya nuna haka a jikin birai: waɗanda aka riƙa horar da hannunsu bayan rauni, yankin ƙwaƙwalwar da ke kula da hannun bai tsuke ba, waɗanda aka ƙyale kuwa ya tsuke.

Akwai kuma wasu makarɓai na wani sinadari mai suna GABA, wanda shi birki ne. A 2010 aka gano a jikin ɓeraye cewa bayan rauni birkin nan na ƙara kamawa a kewayen wurin, abin da ke kare ƙwayoyi da farko amma yake jinkirta koyo daga baya. An gwada maganin sassauta shi a jikin mutane, sakamakon da ya fito a 2020 bai nuna amfani ba. Don haka har yanzu babu ƙwaya ko allurar da ta maye gurbin motsa gaɓoɓi da maimaitawa. An kuma lura cewa mafi yawan sauƙin yana samuwa ne a wata uku zuwa shida na farko, ko da yake ƙofar ba ta rufewa ɗungurungum bayan haka.

Kada mu yi wa mai karatu ƙarin gishiri, Pasteur bai warke sarai ba. Har ya koma ga Mahaliccinsa hannunsa na hagu a ƙage yake, yana kuma jan ƙafa. Mutumin da ya yi suna da aikin yatsu ya koma ba ya iya riƙe kwalbar gwaji da hannu biyu. Sai ya mai da almajiransa hannuwansa, irin su Emile Roux da Charles Chamberland da Louis Thuillier, yana tsaye a kansu yana tsara aiki yana sa ido, su kuma suna aiwatarwa.

Ayyukansa bayan ciwo

A 1873 majalisar likitocin Faransa ta zaɓe shi mamba, alhali bai taɓa karatun likita ba. Ya yi ta jan hankalin masu fiɗa da masu karɓar haihuwa su wanke hannu su ƙona kayan aikinsu da wuta. A wajajen 1879 zuwa 1880 shi da almajiransa suka gano cewa in aka raunana ƙwayar kwalarar kaji aka yi wa kaza allurarta, ba ta kamuwa in mai ƙarfin ta zo. Daga nan suka juya kan antaraks, cutar nan da ke kumbura saifar dabba ta kashe ta farat ɗaya. A watan Mayun 1881, a wata gona da ke Pouilly-le-Fort, aka yi wa tumaki 24 da akuya guda da shanu 6 rigakafi, aka bar wasu tumaki 24 da akuya guda da shanu 4 ba a yi musu ba, sannan ranar 31 ga wata aka sa wa dukkansu cutar. Ranar 2 ga Yuni jama'a suka taru. Tumakin da ba a yi wa rigakafi ba duk suka mutu kafin dare, waɗanda aka yi wa kuwa suna tsaye suna kiwo.

Ranar 6 ga Yuli, 1885 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya ciza a wuri 14. Pasteur na da rigakafin da ya haɗa daga busasshiyar lakar bayan zomaye, wanda ya gwada a kan karnuka. Da yake shi ba likita ba ne, wani likita mai suna Grancher ne ya riƙa yin allurar, sau 13 cikin kwana 11. Yaron ya rayu, har daga baya ya zama mai gadin cibiyar Pasteur. Ya zuwa Maris na 1886 an yi wa mutum 350 wannan allura. Gudummawa ta riƙa zuwa daga talakawa da sarakuna, ciki har da Sarkin Rasha da Sarkin Barazil da Sultan Abdulhamid na Biyu na Daular Usmaniyya, aka gina cibiyar bincike mai sunansa a Faris, aka buɗe ta ranar 14 ga Nuwamba, 1888. Cibiyar ta yi rassa har a yankinmu, a Dakar da Abidjan. Ta Dakar tun shekarun 1930 take haɗa rigakafin zazzaɓin shawara, cutar da ake tambayar matafiyi katinta a kan iyaka.

Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Pasteur mutum ne mai zafin gardama da son a ce shi ne na farko. Jikansa ya miƙa littattafan ajiyar bayanansa ga ɗakin karatu na ƙasa a 1964, kuma wani masanin tarihi, Gerald Geison, ya nuna a 1995 cewa rigakafin da aka yi amfani da shi a Pouilly-le-Fort an haɗa shi ne da wata dabara ta almajiransa, ba wadda ya bar jama'a suka zata ba.

A watan Oktoban 1887 ciwon ya sake dawo masa, a wannan karo ya taɓa harshensa, ta yadda a ranar buɗe cibiyar ɗansa ne ya karanta jawabinsa. Ranar 27 ga Disamba, 1892, da aka yi bikin cikarsa shekara 70 a jami'ar Sorbonne, ya shigo zauren yana dafe da hannun Shugaban Ƙasa Sadi Carnot. Ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1895 a kusa da Faris yana da shekara 72, kuma kabarinsa na cikin cibiyar da ya kafa.

Abin da ya rage gare mu

Muna da abubuwan da Pasteur bai samu ba. Wani babban bincike mai suna SIREN da aka yi a asibitocin Ghana da Nijeriya, ciki har da na Accra da Kumasi da Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya duba majinyata 2,118, ya tarar kashi 68 cikin 100 toshewar jijiya ce, kashi 32 kuma fashewa, kuma hawan jini na da hannu a kusan tara cikin goma. Hawan jini kuwa ba ya sallama, mutum na iya yawo da shi shekara da shekaru bai ji komai ba. Awonsa bai ɗaukar minti biyar a asibitin Maamobi ko a kantin magani. Ɗan kasuwar da zai yi mako biyu a hanya tsakanin Galmi da Paga da Accra, ya sa maganinsa cikin jaka kamar yadda yake sa takardun kaya, kada kuma ya daina sha don ya ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali guda.

In kuwa abin ya auku, baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko da ya lafa bayan 'yan mintoci kamar yadda ya yi wa Pasteur da rana, to a nufi babban asibiti nan take, a kuma riƙe lokacin da abin ya fara. A Ghana ana kiran lamba 112. Kada a ɗura masa ruwa ko koko ko jiƙo, domin maƙogwaro na iya kasa haɗiya abin ya wuce huhu. Kada a ba shi asfirin kafin a ɗauki hoton kai, domin in fashewa ce zai ƙara zubar jinin. Allurar narkar da gudan jini galibi a cikin awa huɗu da rabi na farko take amfani. Asibitin koyarwa na Korle Bu ya buɗe sashe na musamman na masu wannan ciwo a 2014. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, ana iya yin ta a cikin mota.

Bayan an sallamo shi kuma, aikin ya dawo kanmu. A kai shi wajen masu gashin ƙashi, a bi abin da suka tsara, a bar shi ya yi ƙoƙarin ɗaukar cokali da kansa ko da zai zubar, a fito da shi zaure a yi hira da shi, a kawo masa littafin bashi ya duba, a nemi shawararsa a kan farashi. Da iyalin Pasteur da almajiransa sun saki labule a kansa a 1868, da wataƙila Joseph Meister bai kai shekara 10 ba.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.